Chevrolet C20 ta 1984: mai ita ya ce "tan ɗaya ce", ta ina zan tabbatar?

Sabon Direba:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman masana tsofaffin motocin Amurka. Akwai a-kori-kura Chevrolet C20 ƙirar 1984 da nake son saye don ɗaukar kayan gini, wani lokacin kuma in ja ƙaramar tirela. Mai ita ya dage cewa ko da yake C20 aka rubuta a jikinta, ainihinta tan ɗaya ce, hujjarsa kuwa sifirin baya falle tara ne. Kowace taya noti takwas gare ta. Sitikar da ke wajen ƙofar direba ta koɗe, an kuma bi ta da fenti. Ta ina zan gane nauyin da kamfani ya yarda ta ɗauka, da abubuwan da ta fito da su daga masana'anta?

Oga Lodi:
Wa alaikumus salam. Noti takwas, falle tara, me kuma kake jira? Je ka biya kafin wani ya riga ka. Ƙarfin mota a sifirinta yake.

Baba Makanike:
Wa alaikumus salam. Ɗana, riƙe kuɗinka tukuna. Oga Lodi, ka yi mini haƙuri, sifiri shi ne abu na ƙarshe da nake yarda da shi a motar da ta kai shekara arba'in, don shi ne abu na farko da masu mota ke canzawa.

Bari mu fara da wannan magana ta "tan". Rabin tan, kashi uku cikin huɗu na tan, tan ɗaya, duk sunayen aji ne kawai. A Chevrolet da GMC, 10 ko 1500 shi ne rabin tan, 20 ko 2500 na tsakiya, 30 ko 3500 tan ɗaya. C na nufin tayoyin baya ne kaɗai ke ja, K kuma duka huɗun. Sunayen sun daɗe da rabuwa da ainihin abin da motocin ke ɗauka. Lambar da za ka nema ita ce GVWR, wato iyakar nauyin motar gaba ɗayanta: ita kanta, da mai, da direba, da fasinja, da lodi. Sai GAWR guda biyu, iyakar abin da aksil ɗin gaba zai ɗauka da na baya. Tun farkon shekarun 1970 dokar Amurka ta tilasta a rubuta waɗannan a takardar da ke wajen ƙofar direba, a laba. Laba ɗaya ta ɗan gaza rabin kilo, gram 454 ce.

Tunda taka ta koɗe, koma kan lambar shasi. Daga ƙirar 1981 duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka lambarta harafi 17 ce, tana kan dashbod ɓangaren direba, ana hango ta ta gilashin gaba. Karanto mana bakwai na farko da na goma. Sauran ka bar su a wurinka, kada ka watsa cikakkiyar lambar motar mutum a nan.

Sabon Direba:
To Baba, na gode. Sai gobe zan koma wurin. Me waɗannan haruffan za su nuna?

Baba Makanike:
Na farko ƙasar da aka haɗa ta, 1 Amurka, 2 Kanada. Na biyu G, na kamfanin General Motors (GM), mai Chevrolet da GMC. Na uku C in Chevrolet ce, T in GMC ce. Na huɗu shi ne muke nema, ajin nauyi: D daga laba 5,001 zuwa 6,000, E zuwa 7,000, F zuwa 8,000, G zuwa 9,000, H zuwa 10,000. Na biyar C ko K. Na shida 1, 2 ko 3, ajin motar. Na goma shekara: B 1981, C 1982, D 1983, E 1984, haka har H 1987. In na goman ba E ba ne, to shekarar ma akwai magana.

Ɗan Ford:
Baba ya gama magana, amma bari in ƙara abin da zai sa Sabon Direba ya fahimci dalilin da C20 biyu za su tsaya gefe da gefe, suna ɗaya, fenti ɗaya, amma ba mota ɗaya ba ce.

Asalin abin dokar hayaƙi ce. A 1975 Amurka ta tsaurara wa ƙananan motoci, har ya zama dole a sa musu matatar hayaƙi a salansa, su kuma sha fetur mara dalma. Amma motar da GVWR ɗinta ya haura laba 6,000 ba ta shiga wannan tsaurin ba. Sai Ford ta fito da F-150 a wannan shekarar, tsakanin F-100 da F-250, da nauyin da ya ɗara 6,000 da ƙyar. Chevrolet ta yi nata, Big 10, GMC ta kira nata Heavy Half. A 1979 hukumar kula da muhalli ta ɗaga iyakar zuwa 8,500. Shi ya sa daga nan za ka yi ta cin karo da lamba 8,600 a jikin motoci, kusan kilo 3,900. Ba haka kawai aka zaɓi lambar ba, tsallake layi aka yi da laba ɗari.

To a shekarun 1980 C20 iri biyu ce, F-250 ma haka. Akwai mara nauyi da ke ƙasa da layin, akwai mai 8,600. Duka noti takwas gare su. Aksil, birki, taya, har injin wani lokaci, sun bambanta.

Oga Lodi:
Kai Ɗan Ford, tarihi muka zo ji? Ni abin da na sani, na sha ƙara wa mota falle uku ta ɗauki abin da ba ta taɓa ɗauka ba, kuma ta tsaya cak, ba ta durƙusa ba. Takardar jikin ƙofa ba ita ke ɗaukar kaya ba.

Hajiya Mai Lissafi:
Oga, ba ta durƙusa ba, na yarda. Ta tsaya da ka taka birki a gangara? Boris ɗin baya fa, nawa ka canza a shekara?

Oga Lodi:
Hajiya, boris ai abin canzawa ne dama.

Baba Makanike:
Oga, ƙara wa jaki kaurin akumari ba ya ƙara masa ƙarfin ƙafa. Lokacin da kamfani ke yanke GAWR na baya, abu huɗu yake dubawa: aksil, sifiri, rim da taya. Wanda ya fi rauni a cikinsu shi ke yanke lambar. Ka ƙarfafa ɗaya, saura uku suna nan yadda suke. Birki kuma an auna shi ne da GVWR, girman ganga da faɗin takalmin birkin duk daga nan suka fito. Kuma haɗarin ƙarin falle shi ne yana ɓoye maka alama. Motar da ya kamata ta zauna ta gaya maka "ya isa", sai ta tsaya a miƙe, kai kuma ka ci gaba da loda mata.

Ɗana, ga abin da za ka duba da idonka gobe, ko takarda ba ka buƙata. Cire murfin tayar baya in akwai. Idan ka ga hob ya turo kai waje ta tsakiyar rim, tsawon kusan tafin hannu, da kusoshi takwas a bakinsa, wannan babban aksil ne. A irinsa nauyin motar yana kan bututun aksil ta boris biyu, shaf ɗin aikinsa juya taya kawai, ko ya karye taya ba za ta fice ba. Idan kuwa tsakiyar a shafe take, ba abin da ya turo, to ƙaramin ne, shaf ɗin shi ke ɗaukar nauyi kuma shi ke juyawa. Kada wani ya ruɗe ka da ƙirga kusoshin murfin difa, wato akwatin giyoyin da ke tsakiyar aksil. A GM dukansu biyu kusoshi 14 gare su, amma haƙorin cikin babban inci 10.5 ne, na ƙaramin 9.5.

Ɗan Ford:
Kuma ƙirga noti ma ba ya ƙarewa da daɗi kullum. C10 kafin 1971 noti shida ce, daga 1971 ta koma biyar, K10 ta zauna a shida. Daga 1988 GM ta yi 2500 mara nauyi mai noti shida. Mu kuma a Ford muna da abin kunyarmu, F-250 mara nauyi ta 1997 zuwa 1999, noti bakwai. Wanda ya taɓa neman rim ɗinta ya san abin da nake nufi.

Sabon Direba:
Allah ya saka da alheri. To maganar abubuwan da ta fito da su fa? Mai ita ya ce difarta mai kullewa ce, wai daga kamfani.

Baba Makanike:
Wannan a GM da sauƙi, in takardar na nan. Buɗe aljihun dashbod, duba bayan murfinsa. In babu, ɗaga bonet ka duba jikin madigadi ta ciki. Akwai sitika mai jerin lambobi, kowace harafi uku, ita ce ake kira SPID. Duk abin da aka sa wa motar a layin haɗawa yana ciki. Waɗanda za su amfane ka:

C6P shi ne shasi mai 8,600. F44 shi ne Big 10, ba zai fito a taka ba. G80 difa mai kullewa, wadda ke haɗe tayoyin baya su juya tare in ɗaya ta zame. GU4 giyar difa 3.08, GU6 3.42, GT4 3.73, GT5 4.10. Z82 kayan jan tirela. NL2 tanki na biyu. C60 na'urar sanyaya ciki. Z62 Scottsdale, YE9 Silverado, waɗannan ado ne kawai, ba ruwansu da nauyi, ko da yake masu sayarwa na son su kira Silverado kamar wata ƙarin ƙarfi ce.

Abu mafi muhimmanci: a saman sitikar akwai lambar shasi. Gwada ta da ta kan dashbod, harafi da harafi. Murfin aljihu ƴan kusoshi ne ke riƙe da shi, kowa na iya ɗauko na wata mota ya ɗaura.

Ɗan Ford:
Ga masu Ford da ke bin zancen: mu ba mu da irin wannan dogon jerin. Namu a takardar ƙofa yake, a ƙasa, inda aka rubuta lambar aksil da ta giya da ta fenti. A F-150 na shekarun 1980 da 1990, lamba biyu na nufin difa ta kullum, harafi da lamba na nufin mai riƙewa. Misali 19 shi ne 3.55, H9 shi ne 3.55 mai riƙewa. Akwai kuma ɗan ƙarfe da ke maƙale a kusar difa, in ka kankare shi ka ga 3L55, L ɗin nan ita ce shaidar. A aksil ɗin kamfanin Dana wani lokaci yawan haƙora ake bugawa, 41 da 10, ka raba ka samu 4.10.

A kula da na kafin 1980: farantin yana jikin ƙofar kanta ne, ba jikin ginshiƙi ba. Ƙofar direba kuwa ita ce ta fi kowace ruɓewa da shan karo. Na ga F-100 da ke yawo da ƙofar F-250, mai ita yana ta bugun ƙirji. Wanda yake son tabbaci, kamfanin Marti Auto Works da ke Arizona yana da lasisin bayanan Ford tun daga ƙirar 1967, ka ba su lamba su fitar maka da yadda aka haɗa motar, amma biya ake yi. GM kuma ta sa littattafan bayanan tsofaffin motocinta na shekara-shekara a intanet kyauta, a nan za ka ga matakan GVWR da aka sayar a 1984 da irin taya da sifirin kowane mataki.

Sabon Direba:
Jama'a na dawo. Gani ya kori ji. Lambar ta fara da 1GCFC24, ta goma E ce. Tsakiyar tayar baya a shafe take. Sitikar na nan a bayan murfin aljihu, lambarta ta yi daidai da ta dashbod. Na ga Z62, C60, NL2, GT4, G80. Na bi ta sau uku ban ga C6P ba. Na leƙa ƙasa kuma, falle uku na ƙasa sun fi sauran kauri, launinsu daban, kusoshin da suka ɗaure sifirin da aksil sababbi ne fil.

Amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Mun ɗaga bayan da jak, na juya taya ɗaya da hannu, sai ɗayar ta juya baya. Wani da ke wurin ya ce wannan alamar difa ta kullum ce, an cire mai kullewar.

Baba Makanike:
Madalla. To ka ga amsa: C20 ce ta 1984, mara nauyin, harafi na huɗu F, wato ajin 7,001 zuwa 8,000. Ba C30 ba ce, ba kuma mai 8,600 ba ce. Falle uku aka ƙara mata.

Maganar difa kuwa, wanda ya gaya maka ya san rabi. Gwajin nan na aiki ne a kan difa mai faifan riƙewa, ita ce tayoyinta ke juyawa tare. G80 ta motocin ɗaukar kaya na GM daban take. A zaune tamkar ta kullum take. Sai taya ɗaya ta fara zamewa, bambancin gudunsu ya kai wajen juyi 100 a minti, sannan wasu ƴan ƙarafa su buɗe su kama, ta kulle da ƙara. Sama da gudun mil 20 a awa, wajen kilomita 32, ba ta kullewa sam. Don haka juyawa da hannu a hankali ba zai nuna maka komai ba. Hanya mai tabbas ita ce a buɗe murfin difa, dama motar da ta kai wannan shekaru tana son sabon mai. Za ka ga ƴar na'urar a gefen giyoyin. Ka duba man da ya zubo ko akwai gutsattsarin ƙarfe, don masu taka wuta a cikin laka suna fasa ta.

Tunda kana da jak, tabbatar da GT4 ɗin ma. Tare tayoyin gaba da kyau, sa giya a firi, ɗaga taya ɗaya kawai ta baya, ɗayar na ƙasa. Yi alama da alli a taya da farfela, sandar da ke kawo juyi daga giya zuwa difa. Juya tayar sau biyu cif, a hankali, kana ƙirga juyin farfela. Uku da kusan kashi uku cikin huɗu, 3.73 ke nan. In ya ɗara huɗu kaɗan, wani ya sa 4.10, ko ya canza aksil ɗin ɗungurungum.

Hajiya Mai Lissafi:
Yanzu sai lissafi. Ƙanena, motocin wancan zamani ba su da sitikar nan mai ruwan ɗorawa da ke faɗin nauyin kaya kai tsaye, sai a tsakiyar shekarun 2000 aka wajabta ta. Kai za ka fitar da naka. Roƙi mai motar ku hau sikelin manyan motoci, tankuna biyun a cike, kana zaune a ciki. Abin da sikeli ya nuna ka cire shi daga GVWR. Tunda ba mu ga ainihin lambar ba, yi aiki da ƙasan ajin, 7,000, har sai ka gano ta. Gwada haska sitikar ƙofar da tocila ta gefe cikin duhu, wani lokacin shatin rubutun na fitowa ta ƙarƙashin fenti.

Sabon Direba:
Yaya Hajiya, mun je. Da ni a ciki, da mai cike, da tayar safiya da akwatin kayan aiki, laba 4,900.

Hajiya Mai Lissafi:
Saura 2,100 ke nan, wajen kilo 950. Buhun siminti mai kilo 50 guda 19, in ba ka ɗauki kowa ba. Ka ɗauki mutum biyu, cire buhu uku.

Oga Lodi:
Allahu akbar! Tan na Amurka laba 2,000 ne ko ba haka ba? Kun yi kwana biyu kuna karanta haruffa, ƙarshe kun dawo kan maganar mai mota. Tan ɗaya ce! Baba, a ba ni haƙƙina.

Ɗan Ford:
Hahaha, wallahi Oga ya samu ƙofa.

Baba Makanike:
Oga, na ba ka rabin haƙƙinka. Tana ɗaukar laba 2,000, gaskiya ne, kuma da sifirinta na asali ma za ta ɗauka, falle ukun nan ba su ƙara ko laba ɗaya a lissafin ba. Amma mai motar ba wannan yake nufi ba. In an ce tan ɗaya a kasuwar waɗannan motoci, C30 ake nufi, wadda mai taya bibbiyu a baya ke kaiwa GVWR 10,000, kuma kuɗin C30 ake so a karɓa. Wanda ya saya da wannan tunanin zai loda mata kusan ninki biyu na abin da Hajiya ta lissafa, a kan ƙaramin aksil.

Oga Lodi:
Ni dai na ji "gaskiya ne". Sauran ban ji ba.

Hajiya Mai Lissafi:
Ƙanena, kada ka manta tirelar. Nauyin da bakinta ke dannawa a kan ƙugiya, yawanci kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta, daga cikin 2,100 ɗin nan yake fita. Tirela mai laba 5,000 ta cinye maka 500 zuwa 750. Kuma da yake ƙugiyar tana bayan aksil, abin da ke sauka a tayoyin baya ya fi haka, gaba kuma ya yi sauƙi. Ba ka ambaci Z82 a jerinka ba, don haka ka duba lagireto, in kuma giyar mai canza kanta ce ka sa mata abin sanyaya mai kafin ka fara ja.

Me aka rubuta a jikin tayoyin?

Sabon Direba:
Na gaba 8.75-16.5 ne. Na baya mai motar ya ce sun ƙare zai sa mini sababbi masu 16, wai sun fi samuwa.

Baba Makanike:
Tsaya nan. A kan waɗanne rim? Idan rim ɗin 16.5 ne, kada ka bari kowa ya sa masa taya 16. Za ta shiga, amma bakinta ba zai zauna ba, mai faci ya yi ta ƙara iska har ta fashe a fuskarsa. Mutane sun mutu a haka. Girman rim a buge yake a jikinsa, a karanta kafin a taɓa. In kana son komawa 16, kuma ina ba ka shawarar haka don 16.5 ta yi wuyar samu, to rim huɗu da na safiya za ka canza gaba ɗaya, masu noti takwas a da'irar inci 6.5. Ka sa taya mai LT a farkon lambarta. LT235/85R16 mai aji E tana ɗaukar laba 3,042 a iska PSI 80. Taya mai P ta ƙananan motoci ce, in aka sa ta a a-kori-kura sai an rage kusan kashi goma cikin ɗari daga abin da aka rubuta a jikinta, kuma ba ta da wurin zama a C20.

Ɗan Ford:
Saura abu ɗaya da ba wanda ya taɓo. Duk abin da muka karanta, dashbod da aljihu da ƙofa, a jikin kan motar suke. Kan mota kuwa ana ɗage shi a ɗora a wani shasin, kuma a waɗannan na 1973 zuwa 1987 kan C10 da na C20 da na C30 duk suna hawa juna. GM na buga wani ɓangare na lambar a saman ƙarfen shasi. Sai an sa burushin ƙarfe da madubi, amma yana nan. In ƙarshen lambar ya yi daidai da na dashbod, magana ta ƙare.

Tunda za ka shiga ƙasa, duba tankunan nan biyu. A wannan ƙirar a wajen shasi suke, gefe da gefe, tsatsa na cin maɗaurinsu da bututun mai.

Sabon Direba:
Na gaya wa mai motar duk abin da muka gano. Da farko ya ce intanet ce ke ruɗa ni, da na nuna masa F ɗin da idonsa sai ya ce shi ma haka aka sayar masa. Ya yarda a buɗe difa a gabana ranar da za mu duba lambar da ke kan ƙarfen shasi, kuma ya sauko daga kuɗin da ya fara kira. Baba, falle ukun fa, in cire ko in bar su?

Baba Makanike:
Duba na asalin tukuna. In sun kwanta ko akwai wanda ya tsage, to don a rufe wannan aka yi ƙarin, sai ka sayi sabon saiti na ajinta ka huta. In lafiyarsu ƙalau, cire ƙarin, don ba kaya za ta riƙa dukanka a baya, tayoyin baya kuma su riƙa tsalle in ka taka birki. Kowanne ka zaɓa, sababbin kusoshin ɗauri za ka sa, ba a maimaita waɗanda aka riga aka ɗaure. Ranar da ka fara yi mata cikakken lodi kuma ka koma sikelin, ka hau da tayoyin gaba kaɗai, sannan na baya kaɗai, ka kawo mana lambobin biyu.